Janareto Daidai Ƙugun Mai Girma

Yau da hantsi ni ne ɗauke da bokitin jiƙaƙƙen wake a tsakiyar Bungudu, gemu da furfura, ina bin bayan matata Hajjo. Ƙosai take soyawa da yamma a bakin tasha, kuma wake idan ya jiƙa ba ya jiran kowa. In ba a markaɗa shi da wuri ba a zafin nan, tsami zai yi.

Da can wurin Yari mai injin gas take kaiwa. To, Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun ba matan unguwa injin markaɗe kyauta, mai aiki da lantarki, har da janaretonsa. Yari na jin an ce kyauta, ya kwance nasa ya koma Tsafe.

Mun tarar da mata a layi. Aka ja janareto, ya tashi da murya mai daɗi. Ana danna makunnin injin sai moto, wato abin da ke juya bel ɗin, ya yi gurnani, janareto ya shaƙe, ya mutu. Aka sake, ya sake. Haka muka yi ta yi har na jiƙe da gumi.

Ni ba injiniya ba ne, amma na tura amalanke cike da taki. Wahalar duk tana wurin tayarwa. In ta fara gangarawa, da hannu ɗaya ma sai ka riƙe ta. Haka moto yake. Lokacin tashi yakan zuƙi wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya kama gudu. Shi ya sa ake haɗa shi da janareton da ya ninka shi wajen sau uku. Namu kuwa da kaɗan ya ɗara shi.

Raina a ɓace na tare maƙwabcina Malam Haliru, wanda ke cikin kwamitin rabon kayan. Na ɗauka jahilci ne. Ashe sun sani sarai, har babban suka fara kawowa daga Gusau.

Ya rage murya ya ce, "Ƙatti huɗu sunka kasa ɗaga shi. Shi ko Mai Girma Uban Masu Bayarwa da hannu nai yaka miƙa kyauta gaban masu hoto, ga shi da ciwon ƙugu. Mi kaka so mu yi?"

Sai aka mayar da babban, aka zaɓo wanda Mai Girma zai iya ɗagawa yana murmushi. Kun ji tausayi. An duba lafiyar ƙugu, moto ne kawai ba a tuna da shi ba.

Bayan azahar muka samu markaɗe a wata unguwa, amma wake ya riga ya juya. Hajjo ta sansana ƙullun, ta ce ba za ta sayar wa mutane wannan ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin ban taɓa ganin ta rasa fita tasha ba sai yau.

Ta soya abinta a gida. Tana cikin kwashewa sai ga kwamitin binciken dalilin mutuwar janareto, mutum bakwai da manyan riguna, sun zauna a inuwar ƙofarmu. Hajjo ta cika faranti ta aika musu. Suka cinye tas, suka yaba, har ɗaya ya tambayi sirrin ɗan tsamin nan.

Na so in gaya masa cewa aikin ofishinsu ne, amma bakinsa a cike yake, ga shi kuma ya miƙo farantin a ƙaro.