Rasuwar Gajera, Taraktar Gonar Bakin Rafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da suka rasa abin kamawa, iyalan Baba mai gonar bakin rafi suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ƙaramar taraktarsu, wadda aka fi sani da Gajera. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana bakin aiki, bayan shekara goma sha ɗaya a gidan.

Ba a rana ɗaya Baba ya zaɓe ta ba. Da ya ajiye aikin koyarwa ya koma gona, wata biyar ya yi yana zagaya wuraren dillalai da igiyar awo a aljihu. Kowa babba yake nuna masa. Shi kuwa ya auna ƙofar gonarsa, ya auna tsakanin itatuwan lemo, ya ga babba sai an sare layi biyu kafin ta wuce. Ranar da aka sauke Gajera, ƙaninsa ya ce kayan wasa Yaya ya sayo da tsufansa. A makon ta tumɓuke kututturen da ya gagari ƙarti huɗu. Mako na biyu ƙanin ya zo aro.

Marigayiyar ba ta da girman kai. Ta kwashi taki, ta haƙa ramin dashe, ta cike ramukan hanya, ta ciro motar maƙwabci daga taɓo har sau uku ba ta taɓa yi masa gori ba. Da safe takan ce "kir, kir" kamar mai gyaran murya, sannan ta kama "tuf-tuf-tuf" har rana ta take. Aibinta ɗaya, ba ta son a tashe ta cikin sanyi. Baba ma haka yake, don haka ba su taɓa saɓawa ba.

Ciwon ya fara da tari da baƙin hayaƙi. Bakanike ya canja mai, ya ɗaure nan, ya kwance can, ta ɗan murmure. Ranar Talata tana haƙa magudanar da za ta kawar da ruwan rafi daga lambun lemo, saura taku arba'in a gama, sai ta ce "ƙwas", ta yi shiru, hannunta a cikin ƙasa. Bakanike ya buɗe, ya daɗe yana leƙe, ya goge hannunsa.

"Baba, injin ya tsage. Kuma an daina yin irinsa."

Sau uku Baba yana tambaya ko walda za ta kama. Amsar ba ta canja ba.

Ta rasu ta bar bokitin gaba, da hannun haƙa, da garma, da abin yankan ciyawa, da autansu mahujin rami, wanda sau biyu kacal ya fita aiki. Dukkansu lafiyarsu ƙalau, amma dillali ya ce babu wanda zai shiga jikin sababbin taraktoci, domin mahaɗar ta canja. Ta kuma bar Baba, wanda ya baza takardun dillalai a kan tebur yana juya su, ya kasa nuna ko ɗaya. Maiɗakinsa ta ce kullum da safe sai ya ɗauki makulli ya kai bakin ƙofa kafin ya tuna.

Ba za a ɗauko gawa ba. Ƙasa ta jiƙe, mai motar janye motoci ya ce idan ya shiga, gawa biyu za a yi. An lulluɓe ta da tamfol a inda ta faɗi.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da sassafe a bakin magudanar. Ana roƙon masu zuwa kowa ya riƙo shebur ko diga, domin hadari ya fara haɗowa, rafin kuma ba ya jiran masu makoki. Likita ta hana Baba sunkuyawa saboda bayansa. Za a janye tamfol, a taimaka masa ya hau kujerar marigayiya, daga nan ya riƙa nuna inda za a sara.