Wankan Da Na Yi Wa Kifayen Mama Rifkatu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da aika-aikar da na yi wa maƙwabciyata da sunan gwaninta ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin muna haya a Yelwa, ƙofarmu na kallon ta Mama Rifkatu, wata dattijuwar nas 'yar Bogoro. A falonta akwai akwatin gilashi mai kifayen ado guda biyar, jajaye masu baza jela. Marigayi mijinta ne ya kiwata su, shi ya sa take ji da su kamar 'ya'yan cikinta. Da za ta tafi gida Kirsimeti sai ta damƙa mini makulli, ta jera mini kayan aiki: siririn tiyo na zuƙe kashin kifi daga cikin tsakuwa, 'yar raga mai mariƙi, soson goge gilashi, bokiti, da kwalbar maganin da ake ɗigawa a ruwan famfo kafin a zuba.

"Ranar Asabar ki rage kwatan ruwan kawai, ki ƙara sabo," in ji ta. "Sabulu kuwa ko kusa, kin ji 'yata?"

"Haba Mama, ni za a koya wa tsafta?" (A lokacin ni ce mai wanke tsintsiya bayan shara, kuma ina so duk gidan su sani.)

Satin farko na bi umarni. Amma duk shigar da zan yi, gansakukar da ke jikin tsakuwar sai ta tsone mini ido, ga wani baƙin soso a cikin na'urar tace ruwan, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. A raina na ce Mama dai tsufa ya zo, bari in fitar da ita kunya.

Da safiyar ranar dawowarta na ci ɗamara. Na kwashe kifayen da raga na zuba a roba, na zubar da ruwan tas. Gilashi ya sha sabulu, tsakuwa ta sha wanki uku kamar shinkafa, baƙin soson nan kuwa na dirje shi har ya yi fari. Na cika akwatin da ruwan famfo. Magani ban ɗiga ba, ruwa garai-garai me zai yi da magani? Na mayar da kifayen, sai kuma hancina ya jiyo ɗan ƙarni. Na tsallaka ɗakina na ɗauko humrata ta zuwa biki, na ɗiga sau uku. (To, sau biyar ne, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce.)

Da la'asar keke napep ya sauke ta. Ni na karɓi jakarta, bakina har kunne.

"Mama, zo ki ga abin da ban yi a banza ba!"

Muka shiga. Gilashi na walƙiya, falo na ƙamshin ɗakin amarya, kifaye huɗu kuma suna saman ruwa ciki a sama. Na biyar na can ƙasa yana buɗe baki da ƙyar.

Mama ta shaƙi iska. "Wannan ƙamshi, daga ruwan yake fitowa?"

"Ɗan kaɗan ne, Mama."

Ta ɗebo ruwa a bokiti, ta ɗiga magani, ta tsamo mai sauran numfashin. Sannan ta zaro farin soson tana juya shi a hannu.

"Dattin da kika wanke shi ke riƙe musu ruwan. Baban yara bai taɓa yarda famfo ya taɓa shi ba."

Da ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Amma sai ta buɗe jaka ta miƙo mini ƙullin acca, wai tsarabata ce. Haka na fita da acca a hannu ina hawaye, garin neman gira na rasa mata ido. Kwana uku ina leƙe ta taga kafin in fito tsakar gida.

Kifin ɗayan ya rayu. Da Ista ta zo, Mama ta sake kira na ta ba ni makulli da fara'arta, ta ce in riƙa buɗe tagogi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga ta hau keke, ta ɗora bokiti mai murfi a cinya tana tallafe da shi, za ta kai shi har Bogoro. Gidanta kaf ta yarda ta bar mini, ban da kifi ɗaya.

Tun daga ranar na gane ba kowane datti ne aka aiko ni in wanke ba.