Yadda Za Ki Rubuta Jaruma 'Yar Fashi a Zugu Ba Tare da Inna Ta Yi Kuka Ba

Ke da aka ba ki aikin makaranta, aka ce ki ɗauko tsohon labarin ɗan fashin nan mai ƙwace wa masu hali yana raba wa talakawa, ki mayar da shi mace, ki karanta a gaban iyaye ranar raba kyaututtuka, kwantar da hankalinki. Matakai shida ne, kuma ba sa kuskure. Na gwada su a kan Khairat, 'yar Zugu da ke karatu a Gummi. Burinta ɗaya ne: Inna, mahaifiyarta, za ta zauna a layin gaba, kada ta yi kuka. Shekara biyu ke nan da aka tare mahaifin Khairat, Malam Dalhatu, a hanyar kasuwa, aka shige daji da shi.

1. Ki ce "to, Malama"

Malama Doris baƙuwa ce, mai kirki kuma. Za ta karanta muku yadda 'yan fashin littafi suke zaune a daji, tsuntsaye na kuka, su kuma suna gasa nama suna waƙa. Kada ki ɗaga hannu. Masana sun tabbatar cewa ɗaliba mai gyaɗa kai ta riga ta ci rabin maki.

2. Ki sare dajin

Khairat ta sa wa jarumarta suna Saude, ta rubuta "Saude ta shiga daji," ta gwada karantawa a gaban kawunta Gidaɗo, ɗan sa-kai. Bai bari ta kai layi na biyu ba.

"Wace Saude? Ɗiyar wa ta? Yaushe tat tahi?"

Sai da aka riƙe masa riga. A wajenmu wanda ya shiga daji ba iska ya je sha ba. Don haka ki rage dajin ya koma bishiyar darbejiya guda ɗaya a bayan asibiti. Bincikena ya nuna daji daga bishiya uku yake farawa, kina da rarar biyu.

3. Ki sauke ta daga babur

Na san kina son ta zo a guje, gyale na tashi. Ki haƙura. Ƙarar babur a cikin labari ma tana sa tsofaffi neman takalmansu. Jaki kuwa kafin shafi na uku an kore shi. Ki saya mata silifas, ta taka da ƙafarta kamar kowa.

4. Makami

Kwari da baka, Kawu Gidaɗo zai ce a ara masa. Bindiga, kada ma ki rubuta kalmar. Ki ba ta muciya.

5. Ki nemo wanda za a yi wa fashin

Nan aikin yake. Masu hali duk sun kwashe sun koma Gusau. Babban attajirin da ya rage shi ne mai cajin waya, kuma in an taɓa shi garin duka zai mutu a kashi biyu cikin ɗari. Khairat ta yi tunanin ƙasar zinariya ta Sunke, sai ta tuna duk wadda ta raba wa talakawa wannan ƙasa, gubar dalma ta raba musu.

Haka Saude ta kwashe shafi huɗu a gindin darbejiya, da muciya, tana gaishe da masu wucewa. Malama Doris ta juya takardar gaba da baya.

"Khairat, ina fashin? Dole ta saci wani abu, ko guda ɗaya ne."

6. Sata guda ɗaya

A nan Khairat ta watsar da shawarata, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Ranar taro ta hau dandamali, ta mayar da dajin gaba ɗayansa cikin labarin. Saude ta shiga da rana tsaka, silifas na faf-faf. Ta wuce shanu ba ta kora ba, ta wuce babura ba ta duba ba. Ta tarar da wani mutum a zaune, mai shuɗiyar hula da faci a gefen hagu. Ta kama hannunsa ta ce, "Baba, tashi mu tahi gida." Ta sace shi daga hannun ɓarayi, suka iso kafin la'asar.

Ba wanda ya tafa. Duk Zugu an san wadda ta yi wa hular nan faci.

Inna ba ta yi kuka ba, kin ga ke nan hanyata tana aiki. Miƙewa ta yi, ta gyara mayafi, ta tambaya a hankali.

"Ɗiyata, wace hanya tab bi?"

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ruwansa da makin da aka ba ki, ko kawun da ya fita neman Saude, ko malamar da ta fita waje tana share ido. Khairat ta zo ta biyu, ta samu bokitin roba. In innarki ta tsayar da ke da tambayar hanya, kada ki turo ta wurina. Da na sani, da tuni na faɗa wa Inna.