Shafin da Ya Fi Ɗan Haya Ƙaura

Jiya da hantsi na yi doguwar tafiya har na galabaita, alhali ina zaune a kan benci a ƙofar gidana, waya a hannu. 'Yata ta fari, wadda nake ce wa Mamana, tana son shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Burinta ke nan tun tana goya 'yar tsana. Rediyo ya sanar cewa hukumar da ke ɗaukar ɗalibai ta buɗe rajista a shafinta na intanet, kuma jiya ce ranar rufewa. Tun makon jiya muke nema, muna ɗora wa wayata laifi, baiwar Allah.

In ka rubuta sunan hukumar a injin bincike, abin da zai fara fitowa shi ne shafin wani ɗan damfara, da tambari mai kyau da alkawarin gurbi ba jarrabawa. Na biye da shi labarin bikin ƙaddamar da shafin hukumar ne, ga Mai Girma shugaban hukumar riƙe da almakashi. Na ƙasansa kuma wani bikin ƙaddamarwar ne, da wani Mai Girman, da wani almakashin. Shafin da ake ta yi wa biki kuwa, ko sama ko ƙasa.

Da ƙyar Mamana ta samo tsohon adireshin a jikin wata sanarwa da rana ta cinye a bangon asibiti. Muka rubuta. Sai na ga adireshin yana canza kansa a saman waya, wannan ya miƙa mu ga wancan, wancan ya miƙa mu gaba. Wayar ta yi ta juyi har ta ɗau zafi, daga ƙarshe ta ce ta gaji.

Maƙwabcina mai walda ya ɗage tabarau ya leƙo. Ya ce, "Maƙwabci, wannan shafi naku ai ya fi ɗan haya ƙaura. Kullum mai gida ke korarsa ne?"

Na ce, "Kai dai bari. Da ma ƙaurar yake yi ya bar sallahu."

"Sallahu ai ya bari. Wanda aka bar wa sallahun ne shi ma ya tashi."

Na sa hula, na ce Mamana ta taso mu je ofishin da ƙafa. Bayan an nuna mana ƙofofi iri-iri, kowace tana tura mu ta gaba da ita, muka dace da jami'in da ke kula da shafin. Mutum ne mai fara'a, ga ilimi, ga digiri a bango. Ban gama bayani ba ya ce ya san matsalar, kuma ya fi ni jin haushinta.

Ya ce, "Malam, duk shugaban da ya zo sai ya yi sabon shafi da sabon adireshi. Tsohon kuma ba a rufe shi, sai a sa ya riƙa tura mutane zuwa wanda ya gaje shi. Injin bincike yana da ɗan aike da ke zagayawa yana duba shafuka. In ya zo aka ce an koma can, ya je can aka ce an ƙara gaba, ya ƙara gaba aka sake tura shi, sai ya gaji ya juya. Injin kuma ya jefa mu can ƙasan jeri, inda ba mai leƙawa. Ɗan damfara yana zaune wuri ɗaya bai taɓa motsi ba, shi ya sa yake sama."

Na ce lallai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, gyaran fa?

Ya ce, "Gyaran bai kai shan shayi ba. Kowane tsohon adireshi a sa ya kai mutum shafin yanzu kai tsaye, ba yada zango."

Mamana ta ce, "To Yallaɓai, me ya hana?"

Ya waiga ƙofa, ya rage murya. Ashe kowane zango a hanyar nan na wani tsohon shugaba ne, da hannunsa ya yanka masa ƙyalle. A tsallake shafin mutum, ai an ce bai yi aiki ba ke nan. Ɗaya daga cikinsu ma yanzu shi ne a saman shugaban da ke kai. Saboda haka dole duk mai neman rajista ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kwashi gaisuwa bisa tsarin girma. Ni kam na yaba. A zamanin da ake kukan yara ba su da tarbiyya, ga hukumar da ta koya wa waya ladabi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu zo rushe tarihi ba. Ba mu adireshin ƙarshen, mu yi rajistarmu a gabanka."

Nan fara'arsa ta gushe. Ya ce ƙorafi ya kai kunnen Mai Girma na yanzu, kuma ya ɗauki matakin gaggawa: ya ba da umarnin a yi sabon shafi fil, wanda na yanzu zai riƙa turawa zuwa gare shi. Tun da safe aka sauke na yanzun ana kwashe kayansa. Sabon kuma ba zai buɗe ba sai an yi biki. Rajista dai za ta rufu a ranarta, don hukumar ba ta wasa da lokaci. Ya kalli Mamana ya ce ta yi haƙuri sai baɗi.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da ban hau komai ba, abin da na gani shi ne yarinyata tana haɗiye kuka a kan matakalar ofis, takardunta a ƙirji. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da yamma muna tsakar gida sai ga muryar Mai Girma a rediyo. Ya ce abin takaici ne yadda gurabe suka rage ba masu nema, 'yan matan yanzu ba sa son karatu sai latsa waya. Mamana ta dube ni ta ce, "Baba, da ni yake?" Kafin in buɗe baki ta tashi ta shige ɗaki.

Don haka mai karatu, in naƙuda ta kama iyalinka, ka kai ta asibitin unguwa aka ce ba ungozoma, kada ka ɗaga wa kowa murya. Za su tura ka asibitin gaba cikin mutunci, na gaban ma ya tura ka gaba. Ka dai roƙi jaririn ya jira a yi biki.