Ranar da Zomo Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana ba. Ranar ce na kira sunan ɗana na fari a gaban jama'a, kuma da bakin zomo na kira shi.

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Lolo. Ban yi boko ba. Jarina fuskata ce. Mai saye zai yi tayi ya zuba mini ido, ba zai gane ko na ji daɗi ko na ji haushi ba. Kwalekwale ya taɓa kifewa da mu a kogi, na fito riƙe da wutsiyar bijimi, ban ce uffan ba. 'Yan fashi sun tare ni a hanyar iyaka sun ƙwace babur, ɗayansu ya ce wannan tsoho ko tsoro bai iya ba. (Na ji tsoro. Wandona ya sani. Fuskata ce ba ta samu labari ba.)

A gidanmu ana kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa dariya, ba ka yabonsa. Shekara talatin ina kiran nawa Wancan. Ranar da zai tafi ƙasar waje aikin kwamfuta, abin da na ce masa kawai shi ne ya ja ƙofa kada awaki su shigo.

Can matarsa ta haihu, muka ce a yi addu'ar suna a gida Bagudo. Surukai suka tsallako daga Benin. Aka kafa rumfa, aka yanka rago. Bayan an shafa fatiha sai ɗiyata Rabi ta fito da wani farin abu mai maɗauri, kamar kwanon da za a kife wa mutum a ido. Ta ce yayanta ya aiko.

"Baba, in ka sa wanga, za ka gan shi kamar kuna ɗaki guda."

"Mi zan gani? Na san kamarsa."

Taubashina Manu yana gefe yana fama da ƙashin rago. Ya ce, "Ki ƙyale shi, ɗiyata. Tsoro yake ji. Kawo in sa."

Shi ke nan na karɓa.

Rabi ta yi dogon bayani. Wai akwai ƙananan kyamarori a jiki masu bin ido da baki, wai ta haɗa da talabijin ɗin da aka fito da shi rumfa. Ban saurara ba. (Ni abin da ba ya cin ciyawa ba na sauraron bayaninsa.) Dabarata na yi. Na juya kujera na fuskanci bango, na ba jama'a baya. Ido a rufe, baki ga bango. Wa zai gan ni?

Da aka ɗaura mini sai ga ni cikin wani ɗaki, ga Wancan zaune a gabana. Zane ne, amma shi ne, har yadda yake ɗaga gira ɗaya. Shekara huɗu rabona da shi.

Abin da ban sani ba, mu biyu duk muna cikin talabijin. Rabi ba ta samu lokacin haɗa mini nawa zanen ba, sai na'urar ta ba ni abin da ke gare ta: farin zomo mai dogayen kunnuwa. Duk abin da fuskata ta yi, zomo ya yi.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya. Kai Wancan, ka yi ƙiba. Zaman banza ke nan."

Murya ta fita a bushe yadda nake so. Amma bakina ya buɗe har kunne. Na bar shi, tunda bango ba ya gulma. Na ji ana ƙyalƙyala dariya a bayana, na ɗauka Manu ne ya ɓarar da miya.

Sai ya ɗago hoton jaririn. Ya ce, "Baba, ga takwaranka. Ni na ce sunanka za a sa masa. Ban san namiji irinka ba."

Na ce, "To. Allah ya raya."

Leɓena na ƙasa ya kama rawa. An ce a nan zomo ya sauke kunnuwa, idanunsa suka yi manya kamar faifai. Ni kuwa na ce a raina, yau dai sau ɗaya. Na motsa baki ba murya, na kira sunansa. Na sake kira, don na farko ya yi daɗi.

Sai na ji ya ce, "Na'am, Baba."

Kafin in gane ta ina ya ji, Manu ya kwarara ihu: "Jama'a ku shaida! Zomo ya kira sunan ɗansa! Sau biyu!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Na fizge abin na juyo. Ga zomo a talabijin ya tsaya cak, baki a karkace, kunnuwa a ƙasa. Surukina, dattijo mai Hausa kaɗan, ya matso ya kama hannuna ya tambaya da gaske ko dabbar ba ta da lafiya.

Na ce, "Inji ya lalace."

Rabi ta ce, "Lafiyarsa lau, Baba. Na ma ɗauka a waya."

Kafin kasuwa ta zagayo, hoton ya riga ni isa Lolo, ya tsallaka iyaka ba wanda ya tare shi. Na tsaya a kara, wurin cinikin dabbobi, da fuskar shanu kamar kullum. Wani Bafulatani ya yi tayi, ya ce wa ɗan'uwansa, "Bar kallon bakinsa, dubi kunnensa." Na sallama bijimin a farashin da ko mahaukaci ba zai sallama ba, don kawai su tafi.

Abin da na koya kaɗan ne. In aka rufe maka ido, kai kaɗai ne ba ka gani.

Yanzu ina nan Bagudo, sunana Baba Zomo har bakin liman. Wancan yana kira duk Juma'a. Wayar hannu nake ɗauka, mai maɓalli, in zaga bayan rumbu.