Yadda Ake Mayar da Anini Azurfa

Kai mai karatu, gyara zama. In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari kafin damina ta kankama za ka mallaki azurfa tsantsa, ba tare da ka taɓa aljihunka ba. Hanya ce da aka gwada aka gani. Maitama, mai gyaran keke napep a Ƙaura Namoda, ya bi ta daga farko har ƙarshe, yau kuma duk unguwarsu ba mai azurfa irin tasa. Za mu riƙa leƙa shi muna tafiya.

Mataki na 1: Ka wayi gari masani

Ilimin zamani duk yana cikin waya. A can Maitama ya ga wasu masu tara tsofaffin kuɗi a ƙasashen waje, suna ba da gama-garin da suka yi musu yawa ana musanya musu da karyayyar azurfa. Kwabo in ya tsufa ya mutu, azurfa kuwa ko ta karye darajarta na nan. Ya kalli bidiyon, ya maimaita, ya miƙe masani.

Kai ma yi haka. Haddace sunayen: anini, kwabo, taro, sisi, sule, fataka. Ka riƙa jefa su cikin hira ko ba a tambaye ka ba. In aka ce Sule ya tafi gona, girgiza kai ka ce ai sule na gaskiya ya tafi tun zamanin canjin kuɗi.

Mataki na 2: Nemi jari a gida

Maitama ya birkice gidansu bai sami ko taro ba. Sai ran nan ya kafa tsani zai koro wata kaza daga kan ɗakin mahaifiyarsa, Inna Kulsumu, ya ga abin da ya kusa faɗo da shi. Kowace ƙusa a rufin tana sanye da anini. Haka mutanen da suke yi: su zura ƙusa cikin hujin anini kafin su buga, don ya danne kwano, ruwa bai bi ba, iska ba ta fizge ba. Marigayi mahaifinsa, Malam Audu, shi ya kafa su.

Ka jira ranar da tsohuwa ta tafi bikin suna garin Banga. Zare ƙusa, cire anini, mayar da ƙusa tsirara. In zuciyarka ta ce ka tambaye ta tukuna, ka tuna mata cewa tsofaffi ba sa son a dame su da ƙananan abubuwa. Kuma ai rani ne, wane ruwa?

Mataki na 3: Nemi wanda azurfa ta ishe shi

Kada ka tsaya kan 'yan kasuwa, su ma suna da waya. Maitama ya kai kayansa kasuwar Shinkafi, wani maƙerin azurfa mai suna Nuraddeen ya yi dariya har ya ajiye guduma, sannan ya tura shi Zurmi wajen Gwaggo Saudat ungozoma. Shekara da shekaru mata na yi mata godiya da abin da suke da shi, har ta cika ƙwarya da karyayyun awarwaro da 'yan kunnen da suka rasa 'yan'uwansu.

Maitama ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, kayan tarihi niz zo da su, in kina musanya."

Ta ce, "Masu huji na?"

"Duk masu huji na, Gwaggo."

"Zuba in gani, ɗan nan."

Ta juya su a tafin hannu, ta turo masa ƙwaryar gaba ɗaya, ko tayi ba ta yi ba. Ka riƙe wannan: in tsohuwa ta sallama ba ciniki, kada ka tambayi dalili. Tambaya ita ke ɓata riba.

Mataki na 4: Gwada ta gaban jama'a

Azurfar da ba a gani ba, da ita da dalma duk ɗaya. Maitama ya biya ta Shinkafi, Nuraddeen ya goga ta a dutse, ya kara mata mayen ƙarfe ta ƙi kamawa, ya ce ta gaske ce. Daga ranar hular Maitama ta karkace. A bakin aiki yakan sako wani ɓallin awarwaro ƙasa da gangan don a ji ƙararsa, masu napep suka sa masa Alhajin Azurfa. Ya ji daɗin sunan ƙwarai, har yakan yi kamar bai ji ba don a sake kira.

Mataki na 5: Kada ka dubi gabas

Daga can hadari ke tasowa, kuma kallonsa ba ya hana shi zuwa. Ruwan farko ya zo da la'asar, iska ta riga shi. Ta ɗaga kwanon ɗakin Inna kamar faifai, ta ajiye shi a garken awakin maƙwabta. Katifa ta jiƙe, buhun gero ya jiƙe. Inna dai, alhamdu lillahi, tana zaure.

Da aka janyo kwanon, ta tsuguna tana bin hudojin da yatsa. Wani kafinta mai suna Hyginus ya ce, "Mama, kada ki damu, yanzu akwai ƙusa mai roba, ta fi kyau ma."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Maitama, ina aninan Malam?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Shekarar da anka kawo ni gidanga yab bi kasuwa yana tara su ɗai-ɗai. Shina bisa, ni nika miƙa mishi ƙusa. Roba ta san wanga? Ka maido mini abina."

Kunya ta rufe Maitama, ya gwammace ta mare shi. Garin neman gira ya rasa ido.

Mataki na 6: Koma ka karɓo kayanka

Ya ɗauki ƙwarya ya koma Zurmi. Gwaggo Saudat ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ayya, ɗan nan, ai sun tahi aiki. Taho ka gani."

Ta kai shi wani gida, ta ɗaga rigar wani jariri. Ga anini nan ɗaure da tsumma a kan cibiya. Gida na gaba ma haka. Tsofaffi sukan ɗaura wa jariri mai ƙaton cibi don ya koma ciki. Likitoci sun ce cibi da kansa yake komawa, a daina, Gwaggo kuwa ta ce su ma nasu ita ta ɗaura.

"To, ga su nan warwatse cikin gari," in ji ta. "In kana iya kwance ma ɗiyan mutane, bisimilla. Ga uwayen nan."

Maitama ya dubi uwayen. Ɗaya na riƙe da muciya. Ya yi musu barka da arziki ya nemi mota.

Mataki na 7: Faɗi gaskiya, tunda hanya ta ƙare

Ya durƙusa gaban Inna ya zayyana mata komai, har da muciyar. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har da hawaye. Da ta share ido ta ce, "Malam bai tsaya ya ga jika ko guda ba. Ga shi yau shina riƙon cibiyar ɗiyan Zurmi. A bar musu, Allah shi kai ladar kabarinshi."

Maitama ya sauke ajiyar zuciya, ya jawo ƙwaryarsa.

"Aje ta nan," in ji Inna. "Ɗakina ba shi kwana da roba."

Nuraddeen ya narka azurfar, ya buge ta fale-fale, ya yanka ta zagaye, kowanne da huji a tsakiya. Hyginus ya mayar da kwano, amma ƙusa Inna ta ce Maitama zai buga. Ya hau bisa, ita tana ƙasa tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa masa inda babansa ya fara.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ruwansa da rufin da ya tashi, ko geron da ya tsiro cikin buhu, ko muciyar da ta sami inda za ta sauka. Kada kuma ka zo tambayata gidan, na manta unguwar. Alkawari dai na cika shi: Maitama ya mallaki azurfa tsantsa, tana nan tana ƙyalli duk hantsi. In yana son ganinta, tsani kawai zai kafa. Tsanin kuwa Inna ta kai shi ajiya Banga.