Garzali Katanga da Kujerar Gaban Fanka

A gidan kallon ƙwallon Badamasi da ke Funtuwa akwai wata kujera mai katifa guda ɗaya tal, tana daidai ƙarƙashin fanka, tana fuskantar talabijin. Sauran duk benci ne, irin wanda mutum ke tashi daga kansa yana dafe da ƙugu. A kan wannan kujera 'yan majalisar hira ta gidan kallon suka ƙirƙiro wasansu. Sun ga yadda ake yi a waya, kowa ya haɗa ƙungiyarsa ta mafarki yana tara maki, sai suka ce su da yaran gari za su yi nasu. Kowa ya zaɓi 'yan wasa goma sha ɗaya daga gasar unguwanni, duk wanda ɗan wasansa ya ci ƙwallo ya sami maki biyar. Wanda ya fi kowa maki a ƙarshen gasa, kujera ta zama tasa har shekara ta zagayo. Badamasi ne alƙali.

To, Garzali ne ke kan gaba tun farkon gasa. Shi ba ɗan kallo kawai ba ne, shi ne lamba biyar na Zakunan Bakin Kasuwa, kuma da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Katanga. Tumbi ya riga ya fara yi masa sallama, amma ko a gidan suna aka zauna sai ya gaya wa mutane cewa duk faɗin garin nan babu 'yan baya irin nasu. Har ya fara zama a kujerar idan ba kowa, wai yana gwada ta.

Ranar wasan ƙarshe aka sami matsala. Mudi Tela, wanda ke bin sa a maki, ya zaɓi wani siririn yaro lamba tara na Guguwar Tasha, ga shi kuwa da Zakuna za su kara. Yaron nan bai ji kunyar kowa ba. Ƙwallo huɗu ya zura, uku daga ciki ta gefen Garzali ya wuce, ta huɗun kuwa ta tsakanin ƙafafunsa. Kafin a tashi, Mudi ya haye sama.

Abin ya yi wa Garzali zafi ƙwarai. Kashin da suka sha bai dame shi kamar kujerar ba. Washegari da la'asar ya iso majalisa da waya a hannu, ya gyara murya.

Ya ce, "Badamasi, akwai zalunci a lissafin nan. Na bincika, masu wasan nan na gaske ba haka suke yi ba. Sai an duba ƙarfin 'yan bayan da aka ci. Idan bayan mai ƙarfi ne a ƙara maki, idan rariya ne a raba biyu. Ba kowace ƙwallo ce ƙwallo ba."

Badamasi mutum ne mai son a yi ta, bai yi musu ba. Ya ce, "Magana mai kyau. Idan aka raba na yaron Mudi biyu, kai ne a sama. To, saura mu san matsayin bayan da aka ci. Kai ka fi mu saninsu. Bayan Zakuna, mai ƙarfi ne ko rariya?"

Garzali ya kalli kujera, ya kalli mutanen da ya shekara yana cika musu kunne. Idan ya ce mai ƙarfi, an ƙara wa Mudi maki ke nan. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Badamasi ya ce, "Ba mu ji ba, Katanga. Ƙarar janareto ta yi yawa."

"Na ce rariya ne!"

"A'a, kada ka zalunci abokan wasanka. Kawo hujja."

Nan fa Garzali ya zage, tunda an riga an shiga ruwa. Ya ce golansu ba ya ganin ƙwallo sai ta taɓa raga. Lamba biyu da lamba uku hira suke yi da 'yan kallo. Lamba huɗu kuwa tun da ya yi aure bai ƙara yin tsalle ba.

Badamasi ya ce, "Lamba biyar fa?"

Garzali ya share gumi. Ya ce, "Shi ma dai, sai a hankali. Yanzu dai a raba makin a ba ni kujerata."

Duk wannan abu Mudi na gefe yana ɓare gyaɗa. Badamasi ya juya gare shi ya ce, "Tela, kana da ja?"

Mudi ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ni? Wallahi ko kaɗan. Ku ba shi kujerar, bawan Allah ya gaji. Jiya minti casa'in ya yi a tsakiyar fili yana kallon ƙwallo a tsaye, gara yanzu ya kalla a zaune."